Ni'ima da Murhun da Kowa Ya Yaba

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina walda a Ƙofar Wambai, nan Bauchi. Sunana Ɗanlarai. Idona na hagu ya fara dishi-dishi, bayana ba ya miƙewa sai na dafa bango, kuma na gaji da masu zuwa mini da takarda. Na ga iri-iri. Akwai mai son in ƙera masa injin da zai azurta shi kafin azumi, akwai mai son samfur ɗaya tak don a tsaya kusa da shi a ɗauki hoto. Su yi ta zuba, in yi ta sauraro, su tafi, shi ke nan. Saboda haka ba na saurin yabon mutum. Ni'ima dai zan yaba mata, kuma zan faɗi dalili.

Shekara uku da suka wuce ta sauko daga keke a bakin shagona, jaka goye a baya kamar mai tafiya makaranta. Ta gaishe ni, ta kira ni Baba, ta zaro kwamfuta ta ɗora a kan tsohon ƙyauren da nake yankan ƙarfe a kai. Ta ce an gaya mata ni ne ba na ha'inci a awo. Na ce wanda ya gaya mata bai yi ƙarya ba, amma me take so?

'Yar unguwar Ɗan Iya ce. Mahaifinta ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mahaifiyarta malamar firamare. Ta yi karatu a jami'ar da ke Gubi, nan bayan gari. Aikinta, a yadda ta bayyana mini, shi ne tsara kayan amfani tun kafin a ƙera su: tsayi nawa, nauyi nawa, ina za a riƙa, ina hannu zai iya ƙonewa. Tana yi wa wani kamfani da ke can gabashin Afirka aiki, masu yin kayan girki. Ba ta taɓa taka ofishinsu ba, su ma ba su taɓa taka Bauchi ba. Na tambaye ta to ina nata ofishin. Ta nuna mini jakar bayanta.

A raina na ce wannan ma irinsu ce.

Ban daɗe ba na gane jakar nan ofis ce da gaske. Kwamfuta, fawa bank biyu masu nauyin bulo, layin waya uku don in wannan ba sabis wancan ya kama, tef ɗin awo, da littafi da ya sha maiƙo. Ba ta cika kwana huɗu a gari ɗaya ba. Sai ta kira ni daga tashar Darazo, ina jin 'yan kamasho suna kiran fasinja a bayanta, ta ce in duba waya ta turo zane. In duba, in ga ta rage rabin inci a nan, ta ƙara huda biyu a can. Duk Talata da hantsi tana da mitin da mutanen kamfani ta bidiyo, ko tana ina. Ta taɓa yin sa a shagon mai cajin waya a Azare. Ta taɓa yin sa a kan wani dutse a Dass, don nan ne kaɗai sabis yake tsayawa, awaki suna kewaya ta. A unguwarsu wasu na cewa 'yar gidan Alhaji ba ta da aiki sai yawon tasha. Mahaifinta ba ya tanka musu, amma abin yana cinsa. Kwantiragin wata shida-shida take yi, shi kuwa tsohon ma'aikaci ne, a wurinsa aikin da ba na dindindin ba wasa ne.

Abin da ya kawo ta wurina murhun gawayi ne. Ba irin kurfotin da muka saba ba. Nata dogo ne, siriri, ya kusa kai gwiwa, da bututu a ciki mai jan iska, sai ya ci rabin gawayin da kurfoti ke ci, kuma ba hayaƙi. Na ƙera na farko, muka hura, muka ɗora ruwa. Kafin in gama shan shayi ya tafasa. Na ce mata, "Injiniya, wannan kam ya yi." Daga ranar nake kiranta Injiniya, da farko da tsokana.

Na ƙera goma sha biyu. Ta raba su biyu-biyu: Dass, Toro, Ningi, Darazo, Azare, sai nan Gubi. Ta ba matan gida su yi girki a kai, su faɗa mata aibinsa. Wata biyar tana zagaya su. Kafin ta je gida sai ta buga waya ta ce tana tafe, kamar yadda mai tarbiyya zai yi. Ta isa, ta tarar an share tsakar gida, an hura murhun, an ɗora girki. Ta auna gawayi, ta duba agogo, ta rubuta. Ta tambaya ko akwai matsala, a ce mata babu, Allah ya saka da alheri, wannan abu ai sai godiya. Gida goma sha biyu, baki ɗaya.

Ta rubuta rahoto. Kamfani ya ji daɗi, ya tsayar da ranar da za a miƙa zanen ga masana'anta a buga dubbai. Suka kuma gaya mata da zarar ta sa hannu an miƙa, za a ba ta aiki na dindindin, ta zama shugabar sashen zane. Ta faɗa wa mahaifinta. Na ji an ce a ranar, bayan Azahar, ya daɗe a ƙofar masallaci yana gaisawa da mutane fiye da yadda ya saba.

Saura kwana goma a miƙa zanen, tana dawowa daga Ningi, motarsu ta tsaya a Gubi don sauke fasinja. Sai ta ce bari ta leƙa Mama Paulina, ba tare da ta buga waya ba. Mama Paulina 'yar Bogoro ce, tana da rumfar abinci kusa da ƙofar jami'a, ɗalibai ne masu cin abincinta. Ɗaya daga cikin murhunan goma sha biyu yana wurinta.

Ni'ima ta tarar da ita zaune a kan benci, ƙafar dama a miƙe, an naɗe ƙaurin da tsumma. Tukunya na kan duwatsu uku kamar yadda kakanninmu suka bari. Murhun kuwa yana can lungu a kife, an ɗora masa bahon wanke-wanke. Ta tambayi me ya sami ƙafar. Mama Paulina ta ce ba komai, ɗan tsautsayi ne. Ni'ima ta zauna, ta ƙi tashi, har matar ta gaji ta faɗi gaskiya. Kwana huɗu kafin nan ruwa ya jiƙa mata itace, sai ta ce bari ta tuƙa tuwon masara a kan sabon murhu. Talge ya yi lafiya. Da ta zuba gari tuwo ya yi ƙarfi, ta sa muciya ta ja da ƙarfinta, sai murhu da tukunya suka taho gaba ɗaya suka zube mata a ƙafa.

Ni'ima ta ce amma shekaranjiya ta kira ta, ita Mama Paulina ta ce mata komai lafiya.

"To me zan ce, 'yata? Kin kawo mini abu kyauta, kin shigo mota kin zo har nan. In ce miki abinki ya ƙone ni? Ba a yin haka."

Ta tambaye ta, duk zuwan da take yi, me ya sa ba ta taɓa ganin an tuƙa tuwo a kai ba. Mama Paulina ta yi dariya duk da ciwon, ta ce wa zai ba baƙuwa 'yar boko tuwo? Ai ranar da za ta zo shinkafa ake dafawa.

A nan Ni'ima ta buɗe littafinta ta bi shafi-shafi. Shinkafa da wake. Dafa-duka. Taliya. Shinkafa da miya. Wata biyar, gari shida, ba tuwo ko sau ɗaya. Duk gidan da ta je karramawa aka yi mata. Ita kuma a gidan risho da gas ta tashi, ba ta taɓa tuƙa tuwon mutum goma ba, balle ta san irin ƙarfin da yake ci. Ni ma da na ƙera abin da hannuna ban hango ba. Shekara talatin ina cin tuwon matata Saudatu, ban taɓa tsayawa na kalli yadda take tokare tukunya da ƙafa ba.

Ta tare keke, ta kai Mama Paulina asibiti aka wanke ƙunar aka sa magani. Ta dawo da ita, ta ɗaura zani a kan rigarta, ta zuba wa ɗalibai abinci har aka tashi. Washegari da safe ta zo shagona ta faɗa mini komai.

Zan faɗi abin da na ce mata, ko da yake ba ya ƙara mini daraja. Na ce ta yi shiru. Na ce aiki a ƙasar nan ba a wasa da shi, ga mahaifinta ya riga ya sa rai. Na ce ta sa hannu, in ta hau kujerar sai ta gyara a bugu na biyu. Kafin nan a rubuta a jikin kwali cewa kada a tuƙa tuwo a kai.

Ta dube ni. "Baba, murhun da ba a tuwo a kansa, a Bauchi, na dafa mene ne?"

Ta ɗora da cewa:

"Kuma wa zai karanta kwalin? Mama Paulina da kwalin ta hura wuta."

Ta miƙe. Ta ce in sayo rodi da fallen ƙarfe, in bar wayata a kunne. Ta goya jaka ta nufi tasha.

Kwana biyar ta yi, gari ɗaya kowace rana. Wannan karon ba ta buga wa kowa waya ba. Takan daidaita tafiyarta ta isa bayan La'asar, lokacin da ake ɗora tuwon dare, ta yi sallama ta shiga. Ta ce mini matan sun ji kunya, wasu har sun ji haushi, don an same su ba shiri. A Toro ta tarar kaza na kwanci a cikin murhun. A Darazo an mayar da shi abin ɗora tulu. A Azare wata amarya tana dafa shayin maigida a kai, ta adana shi tsaf kamar kayan ɗaki. Cikin goma sha biyu, uku ne aka taɓa gwada tuwo a kansu, kuma duk ukun sun kife. Allah ya tsare, mutum ɗaya ce ta ƙone.

Ba ta tsaya tambayar kowa ra'ayi ba. Sai ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna gefe tana kallo. Ta auna tsayin kujerar, ta auna tsawon muciya, ta auna faɗin gindin tukunya, ta duba inda mace ke kafa ƙafa in tuwo ya yi tauri. A Ningi ta karɓi muciya ta ce za ta gwada. Matar gidan ta ba ta, suka tsaya suna dariya. Ta ce mini ja shida ta yi hannunta ya mutu.

Kowace safiya, tana cikin mota, zane yana shigowa wayata. Kwamfuta a cinya, mutum huɗu a kujerar mutum uku, haka take aikin. Ranar farko ta rage tsayin da kusan rabi. Na kira ta na ce in ya gajarce haka ba zai ja iska ba. Ta ce na yi gaskiya, in ba ta awa biyu, sai ta dawo da bututu a kwance ta gefe. Rana ta biyu ta buɗa ƙafafu uku waje, kamar na mai shirin kokawa. Rana ta uku ta sa zobe a sama wanda gindin tukunya zai nutse a ciki. Wannan bai yi ba, tukunyar Saudatu ta maƙale har sai da na sa guduma, na faɗa mata, ta sake. Rana ta huɗu ta turo abin da ban taɓa gani a jikin murhu ba: sandar rodi a ƙasa, daga ƙafa zuwa ƙafa, inda mai tuƙi za ta taka da tafin ƙafarta, nesa da wuta. Ta ce ai duk macen da ta gani tana neman abin da za ta taka ne, to a ba ta.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika ta dawo Bauchi. Ta rame, muryarta ta dushe. Ta rubuta wa kamfani tana neman mitin na gaggawa, ta ce ba daga ɗaki za ta yi shi ba.

A rumfar Mama Paulina muka yi, da yamma. Na ɗauko tsohon murhu da sabo a keke. Ni aka ba riƙon waya. A cikinta akwai mutum biyu: shugabar Ni'ima, wata mata mai gilashi, da wani Bature mai gemu wanda shi ne babban injiniyansu. Turancina na sayen kayan aiki ne, amma na tsinci wasu, sauran ta fassara mini daga baya. Abin da ta fara faɗa shi ne rahoton da ta aika musu ba daidai ba ne, kuma laifinta ne, ba na matan ba. Ta ce ta yi wata biyar tana rubuta abin da aka faɗa mata maimakon abin da ake yi. Sannan ta ce in juya waya su ga ƙafar Mama Paulina.

Mai gemu ya ce murhun ya ci duk gwajin da suka yi masa, har sun karkata shi bai faɗi ba. Ni'ima ba ta yi musu ba. Ta ɗora tukunyar tuwo mai sanyi a kan tsohon murhu, ba wuta, ta miƙa wa Mama Paulina muciya. Matar ta gyara zama, ta kawar da ƙafar mai ciwo. Ja na uku komai ya kife.

Sabis ya ɗauke daidai nan. Muka tsaya muna kallon waya. Mama Paulina ta ce, "Oga mai walda, ɗaga shi sama mana, ko hannunka ma ya yi ritaya?" Na hau benci da wannan bayan nawa, na ɗaga. Ni'ima ta canja layi, suka dawo.

Aka hura sabon. Aka yi talge, aka zuba gari, tukunyar mutum ashirin. Mama Paulina ta taka rodin da ƙafar hagu ta shiga tuƙi, tun tana ɗari-ɗari har ta saki jiki tana yi da gayya, tana juya tuwon kamar mai huce haushi. Murhu bai motsa ba. Ɗaliban da suka taru suna jiran abinci suka yi tafi.

Na zaci magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara. Mai gilashi ta ce sabon ba zai shiga kwalin da aka riga aka buga ba, ya fi nauyi, kuma masana'anta ba za ta jira ba, in aka rasa wannan gurbin sai bayan wata huɗu. Mai gemu ya kawo shawara: a tafi da tsohon, a manna takardar gargaɗi a jikinsa. Da Ni'ima ta fassara mini wannan, sai na ji kunya ta rufe ni. Maganata ce sak, ta fito daga bakin wani.

Ta ce musu kayansu ne, suna iya yin yadda suka so, amma ba da sa hannunta ba. Mai gilashi ta tuna mata abin da ke rataye da sa hannun. Ta ce ta sani. A hankali ta faɗa, tana goge garin masara daga jikin kwamfuta.

Mako guda ba ta ji komai ba. Ta tafi Dass da sababbi biyu da na ƙera, ta ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru. Tana can saƙo ya iso. Kamfani ya fasa buga tsohon. Za a jira wata huɗun, a buga sabon, da zobe da rodi da komai. A ƙasan saƙon aka ce, saboda jinkirin da kuma kuskuren rahoton farko, an ba wani shugabancin sashen. Ita za a sabunta mata kwantiragi na wata shida.

Ita ta faɗa wa mahaifinta da bakinta. Ban san yadda suka ƙare ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san bayan kwana biyu dattijon ya zo shagona a ƙafa, ya ce shi ne mahaifin Ni'ima, yana son ganin abin. Na nuna masa tsohon da sabon. Ya daɗe yana dubawa. Ya sa ƙafa ya taka rodin, ya jijjiga. Ya ce in ƙera masa ɗaya.

Har yau wata shida-shida take yi. Har yau tana hanya. Yanzu wani abin busar da tumatir take tsarawa, makon jiya daga wajen Jama'are ta kira ni, iska na kaɗa maganarta. Abu biyu ne suka canja a aikinta: ta daina buga waya kafin ta je gidan kowa, kuma ta daina tambaya ko akwai matsala. Tabon ƙafar Mama Paulina yana nan, ba zai tafi ba, kuma Ni'ima ba ta wuce Gubi sai ta sauka ta duba ta.

Ɗaya daga cikin sababbin yana gidana. Ran nan da yamma sai ga sallamarta, ba sanarwa. Ta durƙusa ta gaida Saudatu, suka yi yaya gida yaya aiki. Tana cikin gaisuwar na ga hannunta ya tafi wajen murhun. Ta taɓa gefensa, ta tura yatsa cikin tokar, sannan ta sunkuya ta duba rodin, inda tafin ƙafa ya goge fentin har ƙarfe ya fito yana ƙyalli.

Saudatu ta ce, "Ke 'yar nan, ba sai ki tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ki, Inna, me za ki ce?"

"In ce ya yi kyau mana."

Ni'ima ta goge yatsanta a jikin jaka. Saudatu ta ce tunda ta zo ba ta faɗa ba, sai ta ci abin da ta tarar, ta tura mata kwanon tuwon dawa da miyar kuka. Ta wanke hannu ta zauna.